Arfa a Tsakar Gida

Shekaranjiya aka fito da tsohon talabijin ɗinmu daga ɗakin ajiya, saboda ana neman inda za a ƙara shimfiɗa wa mutane tabarma. Tun da yaƙi ya fara koro jama'a zuwa Gadarif gidanmu ya daina zama namu mu kaɗai. Dangi sun zo, dangin dangi sun zo, har da waɗanda suka ce sun taɓa sanin wani a cikin dangin, kowace kusurwa yanzu da mai ita. Jikata Nafisa da wata baƙuwa suka cicciɓo shi suna nishi, suka dire shi a gindin dalbejiya. Nafisa ta gyara goyonta ta ce, "Haboba, wannan abu ɗahar kam sai mai sayen tsohon ƙarfe." Haboba kaka ke nan a bakin yaran nan, shi kuma abu ɗahar suke ce masa yanzu, wato mai doro. Na ce to. Ta tsaya tana kallona tana jiran gardama, don ta san ni da riƙon tarkace, ko murfin tukunya ba na bari a yar. Ban yi gardama ba. Shekarun nan abubuwa da yawa sun wuce ta gabana, gidaje da mutane, kuma ba na jin komai. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Yaran yanzu in sun ce shasha, suna nufin wannan siririn allo da ake ratayewa a bango. A zamaninmu shasha gilashin gaba ne kawai, mai kumburarren ciki. Abin da ke bayansa kuwa, mu mata tulu muke ce masa, tun ranar da aka kwance bayan akwatin muka leƙa muka ga tulu ne sak aka kwantar, gindinsa na kallon mutane, wuyansa ya yi baya. Nafisa ta ce a littafin makaranta yana da wani dogon suna na Larabci, wai bututun wasu haskoki. Ta faɗa mini sau biyu, ban riƙe ba, kuma ban ga amfanin riƙewa ba tunda abin ya riga sunansa tafiya.

Ni abin da na riƙe shi ne ƙararsa. Unguwarmu ba lantarki a lokacin, da batirin lori ake kunna shi, wanda ake kaiwa kasuwa caji a kan amalanken jaki. In aka murɗa makunni sai ka ji ƙas, sai wani siririn fito kamar na sauro, wanda yara ke ji tsofaffi ba sa ji. Murya ke riga hoto zuwa. Sai ka ji mutum na ta zuba a cikin duhu, can a hankali fuskarsa ta taso, ba ja ba kore, fari da baƙi kawai. In an kashe kuma, duniyar nan duka sai ta tattare ta zama ɗan ɗigo fari a tsakiyar gilashi, yara ba sa tashi sai sun ga mutuwar ɗigon. Da safe in na zo gogewa, gashin hannuna ya miƙe, gilashin na ɗan tsatsa a ƙarƙashin tsumma. Aikina ne in goge, in lulluɓe shi da zane, in ɗora shi kan ganga da damina saboda laimar ƙasa. Ƙasar Gadarif kowa ya san ta, baƙa ce mai danƙo, in ta sha ruwa sai ta cire maka takalmi ta riƙe.

Maigidana ne ya sayo shi na hannu, wata shekara da riɗi ya yi kyau a Simsim, inda yake tuƙa babur, wato motar noma. Bai saye shi don ni ba, ko da yake na fi kowa morarsa. Don mahaifinsa ya saya.

Baba, surukina, da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wajen Haɗeja yana saurayi, da 'yan shanunsa a gaba da niyyar Makka a zuci. Shanun suka ƙare a hanya, wasu ciwo, wasu guzuri. Ya tsinci auduga a Jazira, ya yanki dawa a Ƙala'at an-Nahal, ya yi aure, aka haihu, aka binne, aka sake haihuwa. Sau ɗaya ya hau lori da nufin bakin teku, ya kai Showak, saƙo ya tarar da shi cewa matarsa ta kwanta, ya juyo. Daga nan bai sake gaba ba. A nan ƙasar duk wanda furfura ta fito masa Haj ake ce masa, ko bai taɓa wuce kasuwar hatsi ba. Baba kaɗai na sani da ke gyara wa mutane. Ko yaro ne ya ce "ya Haj," sai ya tsaya ya dogara da sanda ya ce, "Ban kai ba tukuna, ina kan hanya." Mutum da jikoki da bukkoki uku da bishiyar da ya dasa ta fi rufin gida tsawo, amma wai yana kan hanya. A ƙarƙashin matashinsa akwai ƙunshi, fararen ƙyallaye biyu na harami da ya taho da su tun daga gida. Duk shekara in watan aikin Hajji ya kama sai ya ba ni in wanke in shanya, in naɗe in mayar masa. In durƙusa in karɓa, in durƙusa in miƙa, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba.

To sai labari ya zo cewa ranar Arfa ana buɗe tasha da rana tsaka, a nuno alhazai a tsaye a lokacin da suke tsayen. Waɗanda suka gani a kulob ɗin kasuwa suka yi ta ba da labari shekara guda. Baba bai ce a saya ba, bai ce komai ba, sai dai ya riƙa tambayar masu labarin, "Dutsen ma ana ganinsa?" Ƙafafunsa sun riga sun gaji, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani, fari da baƙi kawai yake bambancewa, sai manyan abubuwa in suna kusa. Kowa a gidan ya san ba za shi Makka ba. Abin da ya rage shi ne ya gan ta, ko daga nesa, kafin idon ya gama rufewa.

Amma talabijin ɗin ma nasa idon rufewa yake. Tun da aka kawo shi hoton ke raguwa, kamar ana kallo ta cikin hayaƙin murhu, har ya kai sai duhu ya yi sosai ake gane namiji da mace. Da rana kuwa ba a ganin komai. Da watan aikin Hajji ya matso, maigidana ya kira Usta Bala mai gyaran rediyo har gida, don ba a yarda a jijjiga akwatin a kan amalanke ba. Ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin su.

"Tulun ne ya gaji," in ji Usta. "Shuf, ka ga wuyan nan? Akwai ɗan abu a ciki da ke yin ja, shi ke watso haske a gilashi ta ciki. Ya tsufa. Sabo kuwa sai Kartum, ko can ma sai an dace. In kun bar shi haka zai yi ta lallaɓawa dishi-dishi. In kuna so in ƙara masa wuta, zai yi haske kamar sabo, lakin ba zai daɗe ba. Kamar ka fifita garwashin da ya kusa toka ne."

"Zai kai Arfa?" in ji maigidana.

"Zai kai in kun bar shi ya huta. Ku rufe shi, kada a kunna ko sau ɗaya sai ranar. Kuma a kula da wuyan, kada yara su buge shi. Ba komai a cikinsa, ko iska babu."

Aka ƙara wutar. Da aka gwada, har sai da na saki rariya. Fuskar mai karanta labarai ta fito tar, ana ganin layin gashin bakinsa. Usta ya yi maza ya kashe. Washegari maigidana ya koma Simsim, don lokacin noma ne, ciyawa ba ta jiran Sallah. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ki rufe shi. Ko wa ya zo ki ce ni na hana."

Shi da yake kwana a gona ya manta yadda unguwa take. A wurinmu ba a mallakar abu a rufe ƙofa. Turmi na yawo, babbar tukunya na yawo, gadon igiya na yawo gidan biki da gidan makoki. Talabijin kuwa tun da ya shigo, bayan magariba tsakar gidanmu kasuwa ce. Kwana biyu ban fito da shi ba, a na uku sai ga maƙwabciyarmu Hajja Sakina, tsohuwa mai bakin tsiya, da butar gahawarta a hannu da mata da yara a bayanta.

"Salamu alaikum, mutanen gida. Mun ji an ce majinyaci ya warke, shi ne muka zo hamdilla ala salama, barka da samun sauƙi."

Aka yi dariya. Na ce, "Hajja, ma'alesh, ki yi haƙuri, Usta ya ce a bar shi ya huta sai ranar Arfa. Mai gidan ma ya hana."

"Wai! Yau kuma mu ne ake wa kulle? To Allah ya ƙara sauƙi." Ta juya tana gyara mayafi.

Daga rumfarsa Baba ya yi gyaran murya. Na je na durƙusa.

"'Yata, mutane ne suka yi sallama suke komawa?"

"Baba, don kai aka ajiye shi. In aka yi ta kunnawa ba zai kai ranar ba."

"Na ji Usta. Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Daga Haɗeja har nan a ƙofar mutane na ci, a ƙofar mutane na kwana. Ban taɓa sallama aka ce mini akwai amma ana ajiye da shi ba. A gidana za a fara? Fito da shi."

Na fito da shi. Surukin da ko fuskarsa ba na duba, da wane baki zan musa masa? Daga ranar kullum sai an kunna. Har daga wasu unguwanni aka riƙa zuwa ganin hoton da ya yi haske. Abin haushi, shi Baba ko kallo ba ya yi. Da an fara wasan kwaikwayon mutanen Masar sai ya juya baya ya ja carbinsa, yana jin dariyar mutane yana gyaɗa kai. Ni kuwa ba wasan nake kallo ba, hasken nake kallo. Kowace yamma ina ganin ya ragu kaɗan a kan na jiya. Na yi dabaru iri-iri, in ce batir ya yi sanyi, in ce hadari na tahowa, Hajja Sakina ta dubi sama ta ce ita taurari take gani. A lokacin ina da zuciyar jin tsoro, kuma na ji shi sosai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana gobe Arfa aka kwana ana ruwa. Gari ya waye tsakar gida ta zama taɓo, ba inda za a shimfiɗa tabarma sai ƙarƙashin rumfar Baba. Maigidana ya iso da hantsi, laka har gwiwa, don lorin ya kafe a hanya ya ƙarasa da ƙafa. Ya tambaye ni da ido, na kawar da kai, ya gane. Aka ɗora talabijin a kan ganga cikin inuwar rumfa, ta wajen alƙibla, gilashinsa na kallon tsakar gida. Baba ya yi wanka, ya sake alwala, ya sa farar rigarsa, ya zauna a tabarma dab da gangar, ƙunshin haraminsa a kan cinya. Unguwa ta taru kaf, kowa da azumi a baki, maza cikin fararen jallabiya da rawani, mata daga baya cikin mayafansu masu haske. Ba wurin zama, don haka kowa a tsaye yake cikin rana. Ni ina gefe da baƙin zanen aiki da buta a hannu, ko Baba zai nemi ruwan alwala.

Maigidana ya yi bisimilla ya murɗa. Ƙas. Fito. Sai murya ta cika gidan, muryar mutane marasa iyaka suna labbaika, tana tashi tana sauka. Muka jira hoto. Wani abu ya taso a gilashin, siriri kamar tururin numfashi, ya ɗan yi rawa, sannan ya koma. Muka ci gaba da jira. Maigidana ya bugi gefen akwatin da tafin hannu, ya sake bugawa. Wani ya ruga ya juya gorar eriya. Usta Bala na cikin taron, ya ratso ya leƙa ta ramukan baya, inda ɗan jan nan ke haskawa a wuyan tulu. Ya ɗago, ya dubi maigidana, ya girgiza kai. Muryar kuwa ba ta tsaya ba.

Sai Baba ya ɗan miƙa wuya gaba, ya kare ido da hannu.

"Ma sha Allah," ya ce a hankali. "Ga su nan."

Daga inda nake na dubi gilashin. Ya yi baƙi ƙirin, shi yana inuwa mu muna rana, sai ya zama madubi. Kuma da yake kumburarre ne, ya kwashe tsakar gidan duka ya zuba a cikinsa. Mu ne a ciki, ƙanana ƙanana, farare, a cunkushe, daga wannan gefe har wancan, ga rufin bukkar ciyawa ya yi tsini a bayanmu.

"Sun yi yawa," in ji Baba. "Duk a tsaye. Ga dutsen can bayansu."

Maigidana ya buɗe baki. Hajja Sakina ta miƙo hannu ta damƙe hannun rigarsa, ya rufe. A cikin akwatin liman ya shiga addu'a, mu kuma kamar yadda muka saba in an yi addu'a, hannuwa suka tashi, amin ta fara zagayawa.

"Sun ɗaga hannu," Baba ya ce. Shi ma ya ɗaga nasa. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga kan ƙunshin. Ya daɗe a haka. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Waccan ta gefe mai baƙin zane, me ya hana ta ɗaga hannu?"

Na ajiye butar a cikin laka. Na ɗaga hannuwana.

"Yawwa," in ji shi. "Ta ɗaga."

Ba wanda ya motsa daga wurin. Mutane da azumi, rana a ka, ƙafafu na nutsewa cikin taɓo, amma kowa ya gane in ya fita taron zai ragu a gilashi. Mai goyo ta jijjiga goyonta a tsaye. Tsofaffi suka dafa kafaɗun matasa. Haka muka tsaya har inuwa ta juya, batir ya yi sanyi, muryar ta riƙa nisa tana nisa. Sannan Baba ya shafa fuska ya ce, "Kalas, a kashe. Alhamdu lillahi." Aka murɗa. Yara suka zuba ido suna jiran ɗigon nan fari, bai fito ba.

Bayan an sha ruwa ya kira ni. Na durƙusa, ya miƙo mini ƙunshin. "Ki wanke, ki ajiye a wurinki. Kada ki mayar ƙarƙashin matashi. Kin san ranar da za a nema." Washegari a filin Idi wani ya ce masa "ya Haj, barka da Sallah," maigidana ya ce ya ji shi ya amsa da "barkanmu dai," ya wuce. Kafin a yanki riɗin shekarar Baba ya cika, aka nemi ƙyallayen, na fito da su.

Ko ya sani, ko bai sani ba, ban tambaye shi ba. Ni da maigidana ba mu taɓa tayar da maganar ba har shi ma ya bi bayansa. Hajja Sakina, wadda ba a taɓa yin abu a unguwa ya kwana a bakinta ba, ta mutu da wannan a cikinta. Talabijin ɗin bai sake nuna komai ba, muka yi ta jin labarai a cikinsa kamar rediyo, daga baya aka tura shi ɗakin ajiya.

Yanzu Makka na cikin aljihun kowa. Nafisa kan kawo mini waya har kan gado, ta ce, "Haboba, dubi ɗawafi, yanzu-yanzu ake yinsa." Ga launi, ga haske, har tafin ƙafar mutane ana gani. In ce ma sha Allah, ta ja yatsa, sai ga wata na koya dafa kaza. Ba mai yin alwala don ya kalla, ba mai kiran maƙwabci. Ban ce laifi ba ne. Ina kallo ne kawai kamar yadda nake kallon bango. Ni ma Hajja ake ce mini, ni da ko Showak sau ɗaya na je, gaisuwar mutuwa. Ba na gyara wa kowa.

Yau da hantsi mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da amalankensa. Wayar jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan tulu kawai yake so, sauran ya ce nauyi ne. Na ce ya dakata. Na sa aka kawo mini tsumma, na goge ƙurar gilashin da hannuna, gashin hannun bai miƙe ba. Na duba. Tsakar gidan na nan a ciki, cike da mutane kamar ran nan, sai dai waɗannan ban san sunan rabinsu ba, kowa na harkar gabansa, wata na wanki, wani na kwance da hannu a goshi. Can gefe ga wata tsohuwa mai baƙin zane. Na ɗaga hannu, ta ɗaga. Na ce masa ya yi aikinsa.

Ya kwance bayan, ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwashi ƙarshen wuyan. Tulun ya ja numfashi, dogo, fuuu, sannan ya yi shiru. Nafisa ta sunkuya ta leƙa ta inda ya fashe, ta daɗe tana leƙe.

"Haboba," ta ce, "ashe babu komai a ciki."

Na ce mata na sani, ai ran Arfan nan ina tsaye a wurin.